EL-KANEMI DA KANO PILLARS: KARAWAR 'YAN'UWA A YERWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

A cikin dukan wasannin ƙwallon ƙafa da ake yi a filin wasa na El-Kanemi da ke Maiduguri, kaɗan ne suke tada hankalin gari kamar ranar da Kano Pillars ta zo baƙunci. A takarda dai wasa ne na neman maki uku, kamar sauran wasannin babbar gasar kulob-kulob ta ƙasa. Amma ga mutumin Barno da Bakano, tsohuwar magana ce wadda ta haura shekara talatin ba ta mutu ba.

Kulob ɗin El-Kanemi Warriors an kafa shi a 1986, kuma Gwamnatin Jihar Barno ce ke ɗauke da nauyinsa. Ya ci sunan Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi, malamin nan kuma jarumi wanda ya kafa Kukawa, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Shehun Barno. Ita kuwa Kano Pillars a 1990 aka haife ta, bayan an haɗe kulob uku na Kano wuri ɗaya, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. A wannan shekara ce kuma aka buɗe gasar 'yan wasan da suka ɗauki ƙwallo sana'a a ƙasar nan, inda aka yi wasan farko a filin Onikan da ke Ikko.

ASALIN GABAR

Shekara ɗaya tak bayan kafa Pillars, sai ga kulob ɗin biyu sun haɗu a wasan ƙarshe na cin Kofin Ƙalubale na 1991. An yi gumurzu, aka tashi El-Kanemi na da ci 3, Pillars na da 2, kofi ya nufi Yerwa. Da shekara ta zagayo, a 1992, El-Kanemi ta sake ɗaukarsa bayan ta doke Stationery Stores ta Ikko da ci ɗaya mai ban haushi. A 1993 kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka ta kulob-kulob masu riƙe da kofi.

Wannan kashi na 1991 ya daɗe yana ci wa Kanawa tuwo a ƙwarya. Sai da suka jira shekara 28 kafin Pillars ta ɗaga wannan kofi, a 2019, lokacin da ta doke Niger Tornadoes da bugun fenareti a Kaduna. Amma fa a babbar gasa Kanawa ne ke da bakin magana, domin Pillars ta zama zakara har sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, abin da El-Kanemi ba ta taɓa yi ba. Saboda haka in gardama ta kaure a teburin mai shayi, kowa da abin da yake dogara da shi: Bakano ya ƙirga gasa, Babarbare ya ƙirga kofi.

Gardamar kuwa ta 'yan gida ɗaya ce. Tun zamanin fatake ake safarar kanwa da dawaki da tufafi tsakanin Barno da Kano. A birnin Kano akwai unguwar Zangon Barebari, a Maiduguri kuma akwai Hausari. Don haka in Pillars ta sauka Maiduguri ba ta rasa masu yi mata kirarin "Sai Masu Gida", ko da yake ranar ba ita ce mai gidan ba.

SHEKARUN GUDUN HIJIRA

Abin da ya sa wasa a Maiduguri ya wuce batun nishaɗi shi ne, akwai lokacin da garin ya rasa shi ɗungurungum. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a watan Yuli na 2009, a watan Mayu na 2013 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa. Da al'amari ya tsananta, kulob-kulob suka ji tsoron hanya, hukumar gasa ta ɗauke wasannin gida na El-Kanemi daga Maiduguri. A 2014 filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Kano ya zama gidanta, wato gidan abokiyar gabarta. A 2015 ta koma filin Karkanda na Katsina. Sai a 2016 aka yarda ta dawo gida.

Wanda bai san gasar ƙasar nan ba zai ga kamar abin ba wani abu ba ne, tun da fili fili ne, ƙwallo kuma ƙwallo ce. To, ba haka ba ne. A wannan gasa, cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, yawancin kulob da makin gida suke rayuwa. A kakar 2024 zuwa 2025 kulob 20 ne suka fafata, kowanne ya yi wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya, huɗun da suka zo ƙarshe kuma su faɗa gasa ta ƙasa da ita. Kulob ɗin da aka raba da gidansa ya zama baƙo sau 38 ke nan.

Gidan Maiduguri kuwa ba ƙaramin makami ba ne. Daga Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Potiskum da Damaturu. Daga Ikko ta haura kilomita 1,500. Ga zafin bazara wanda kan wuce digiri 40, ga 'yan kallo da ba sa gajiya da sowa. Baƙo kan shiga fili da gajiyar mota a ƙafafunsa tun kafin alƙalin wasa ya hura usur. Ban da 'yan wasa, ranar wasa ranar ciniki ce ga masu Keke Napep da masu ruwan sanyi da masu tsire da 'yan talla. Duk wannan ya tsaya cik a shekarun da aka yi hijira.

FAƊUWA DA TASHI

Kulob ɗin biyu kowanne ya ɗanɗana ɗacin faɗuwa. Pillars ta faɗa ƙaramar gasa a 2022, ta dawo a 2023. A shekarar da ta dawo ce ita kuma El-Kanemi ta faɗi, har aka ƙara kaka guda ba su haɗu a babbar gasa ba. Sai dai faɗuwar ta zame wa El-Kanemi gobarar Titi. A 2024, ƙarƙashin mai koyarwa Aliyu Zubairu, ta sami hayewa babbar gasa, sannan a ranar 29 ga Yuni ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a filin Onikan, ta ɗauki kofin nan karo na uku, shekara 32 bayan na biyu. Mutanen Arewa mazauna Ikko sun ga abin a ƙofar gidansu.

Murnar ba ta daɗe ba, domin ranar 10 ga Satumba na wannan shekara madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban sashe na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Mutanen da suka ga wannan, suka kuma ga shekarun rikici, sun san darajar yammacin da za a taru a fili lafiya a watse lafiya.

ABIN DA KE IYA ƁATA SHI

Ba rashin tsaro kaɗai ke raba kulob da gidansa ba. Hannun magoya baya ma yana yi. A watan Afrilu na 2022, a ranar wasan Pillars da Katsina United a Kano, tarzoma ta tashi har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta zaftare wa Pillars maki uku, ta kuma kore ta daga filinta, a ƙarshen kakar kuwa kulob ɗin ya faɗi. Darasin a fili yake ga Maiduguri: jifa ɗaya da dutse ko gorar ruwa na iya mayar da El-Kanemi gudun hijirar da ta sha wuya kafin ta fito daga cikinsa, wannan karon kuma ba wanda za a ɗora wa laifi sai 'yan gida.

Haka nan nauyin yake a kan 'yan Arewa mazauna Kudu. Duk kakar da kulob ɗin nan ke cikin babbar gasa, sukan sauka Ikko da Badun da Inugu da Aba da Fatakwal. Mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Badun su ne 'yan kallon gida da yaran nan ke samu a can. A je a saya tikiti, a yi sowa, a yi kirari, in an ci a yi murna, in an sha kashi a koma kasuwa da sana'a lafiya. Mai zaman baƙunci ya fi kowa sanin abin da tashin hankali a filin wasa kan jawo wa unguwarsu washegari.

Allah Ya zaunar da Barno lafiya, Ya sa a daɗe ana wannan karawa a Yerwa.