TSARIN BINCIKE A KAN MATA DA ITATUWA A ƘASAR DAURA

1.3 Farfajiyar Bincike

Wannan bincike ya taƙaita ne a kan dangantakar da ke tsakanin matan karkara da itatuwan da suke amfana da su a ƙananan hukumomin Zango da Ɓaure, cikin masarautar Daura ta jihar Katsina. An zaɓi wannan yanki ne saboda yana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, inda farin 1973 da na 1984 suka yi ɓarna ƙwarai. Haka kuma jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin katangar itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa. Itatuwan da za a duba su ne ɗorawa da kuka da goruba da gawo.

1.4 Hanyoyin Gudanar da Bincike

Babban abin da aka yi la'akari da shi wajen tsara wannan aiki shi ne, a al'adar Bahaushe galibi gona da itacen da ke cikinta suna hannun maigida, amma sarrafa abin da itacen ya haifar aikin mata ne. Mace ce ke dafa kalwa, ta surfe ta, ta rufe ta har ta zama daddawa. Ita ce ke shanya ganyen kuka ta daka domin miya, ta yi daɓe da makuba, ta kuma san itacen da ke yawan hayaƙi a murhu. Saboda haka idan aka sare ɗorawa guda, maigida ya sami kuɗin itace sau ɗaya, matar kuwa ta rasa jarinta na kowace shekara. Duk binciken da ya tsaya a zaure, ya ji ta bakin magidanta kaɗai, to rabin labari ya samu.

Domin kauce wa wannan giɓi, an tsara aikin kamar haka:

(a) Za a fara neman izini daga dagatai da masu unguwanni, sannan daga magidanta. Da yake wasu matan suna cikin kulle, mace ce za ta shiga gidaje ta yi hirar.

(b) Za a yi hira da mata dabam, maza dabam, a kan tambayoyi iri ɗaya, domin a kwatanta amsoshin. Ba za a dogara ga takardar tambayoyi ba, ganin cewa yawancin tsofaffin da ake bukata ba su yi karatun boko ba.

(c) Za a ba tsofaffin mata fifiko, domin su ne za su iya faɗin itatuwan da a da ake samu a bayan gari, yanzu kuwa sai an yi tafiya mai nisa.

(d) Za a raba ziyara gida biyu. Ta farko da bazara, lokacin da ɗorawa ke nuna. Ta biyu da damina, lokacin da kuka ke da ganye, gawo kuwa ya kaɗe nasa. Ziyara ɗaya ba za ta nuna aikin shekara ba.

(e) Za a ziyarci kasuwannin yankin domin ganin abin da mata ke sayarwa, da kuma yadda daddawar waken suya da ɗanɗanon kanti suke maye gurbin ta kalwa.

Daga ƙarshe, za a tattara sunayen itatuwa da karin magana da waƙoƙin daɓe da na daka da aka ji daga bakin matan, a nazarce su a babi na huɗu.