Yadda Wata Na'ura a Antatika Ta Sauya Gas Ɗin Firji a Funtuwa

Duk mai gyaran firji da ya daɗe a sana'ar a Funtuwa ko Malumfashi ya san gas ɗin R12, wanda a yau R134a da R600a suka maye gurbinsa. Asalin wannan sauyi yana can ƙarshen kudancin duniya, a yankin ƙanƙara na Antatika.

Tun shekarar 1956 masana kimiyya na Birtaniya ke auna iskar ozon a tashar Halley. Wannan iska tana sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, kuma ita ce ke tare mafi yawan hasken rana mai cutarwa, wanda ke haddasa yanar ido da kansar fata, yake kuma rage yabanya.

Na'urar da suke amfani da ita ana kiranta Dobson. Tana kwatanta nau'i biyu na hasken rana: wanda ozon ke shanyewa sosai, da wanda ba ta cika taɓawa ba. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna yawan iskar. Matsakaicin awo shi ne maki 300, wato kaurin milimita 3 da za a tattaro iskar a doron ƙasa. Idan ya gaza 220, sai a ce an samu “rami”.

A 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka bayyana cewa ozon na raguwa matuƙa a saman Halley kowane watan Oktoba. Da babu alƙaluman kusan shekara 30 da za a kwatanta da su, da wuya a gane hakan. Bincike ya ɗora laifin a kan sinadaran CFC, dangin R12.

Wannan ne ya kai ga yarjejeniyar Montreal a 1987, wadda Najeriya ta shiga a 1988. Ƙasashe masu tasowa sun daina CFC a 2010, yanzu kuma ana janye R22 na tsofaffin na'urorin AC.

Rahoton masana na 2022 ya ce ramin zai iya warkewa wajen 2066. Ga manomin masara da auduga a Maska, mai wuni cikin rana, wannan kariya ce ga idonsa da gonarsa. Mai sayen firji ɗan kwatano kuwa, ya duba lambar gas a jikin kwamfuresa kafin ya biya kuɗi.