Dutsen Ƙanƙara: Shaidar Tafkunan Kanwa na Zamanin Da



Kowa ya san ƙanƙara, dutsen nan mai tauri wanda kakanninmu suke ƙyasta wuta da shi. Asalinsa silika ne, sinadarin da ke cikin yashi. Yawancinsa a ƙarƙashin teku ya samu, daga ɓawon wasu mitsi-mitsin halittu. Amma akwai wani iri wanda mahaifarsa tafkin kanwa ce, kuma a kansa zan yi magana yau.

A shekarar 1967 wani masani mai suna Hans Eugster ya wallafa binciken da ya yi a Tafkin Magadi na ƙasar Kenya, inda ake haƙar kanwa. A cikin tsohon laka na tafkin ya tarar da wani farin ma'adini mai laushi kamar ƙullu, ya raɗa masa suna magadiyit.

Ga yadda abin yake faruwa. Ruwan da kanwa ta yi wa yawa yana narkar da silika fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba. Idan ruwan sama ya sirka shi, ƙarfin kanwar ya ragu, sai silikar ta kwanta a ƙasa haɗe da sodiyam. Daga baya ruwa ya ratsa, ya wanke sodiyam ɗin, abin da ya saura ya daskare ya zama ƙanƙara. Da yake jikinsa yana tsukewa wajen daskarewa, sai bayansa ya tsattsage kamar fatar kada, wani kuma ya lanƙwashe tun yana ɗanye.

Waɗannan alamomi su ne hujjar masana. In suka gan su a cikin duwatsun da laka ya haifar, sukan ɗauka cewa an taɓa yin tafkin kanwa a wurin, a ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa. Sai dai mai hankali ba ya yanke hukunci da shaida guda; dole ya duba ko akwai burbushin kanwa a duwatsun da ke kewaye, ko kuwa ɓawon halittun teku.

Maganar ba ta yi nisa da mu ba. An sami magadiyit a kwarurukan kanwa na Kanem, arewa maso gabashin Tafkin Chadi, kuma a 1972 aka bayyana ɗan'uwansa, kanemit, daga can. Ashe ƙasar da fatake suke ɗauko kanwa tana riƙe da tarihin damina da fari na dubban shekaru. Ya rage ga ɗalibanmu su koyi karanta shi.