Ko ka sani? Mai watsa murya ba ya jin kansa

Da zarar mai rediyon sha'awa ya danna maɓallin magana, kunnen na'urarsa ya toshe. Ko lambar kiransa da 5N ta fara irin ta Najeriya, ko 5U ta Nijar, ko TT ta Chadi, sai dai wani can nesa ya ce masa, "Malam, kana shigowa da ƙarfi, amma muryarka a dagule take." Masu rediyon sha'awa suna da ma'auni: gane magana daga 1 zuwa 5, ƙarfinta daga 1 zuwa 9. Mai 59 ya yi zarra. Mai 39 kuwa ya cika kunne, amma da ƙyar ake tsintar abin da yake faɗa.

In murya ta dagule a Maiduguri, wuta za ka fara tuhuma. Bayan an kayar da turakun layin wutar Damaturu a Janairun 2021, gari ya daɗe a duhu, jama'a suka koma kan batir da sola da janareto. To, na'ura mai wat 100 bolt 13.8 take so, kuma takan zuƙi amfiya kusan 20 daidai lokacin da ka ɗaga murya. In batir ya yi sanyi, ko wayar wutar siririya ce, ko kan batir ya ci tsatsa, wutar za ta riƙa faɗuwa da kowace kalma. Zuba wa fitilar fuskar na'urar ido: in tana lumshewa duk sanda ka yi magana, ka kama ɓarawon. Auna batir lokacin saurare ɓata lokaci ne, don a sannan abin da na'urar take ci kaɗan ne.

Wasu kuma da hannunsu suke jawo wa kansu. Su murɗe ƙarfin makirufo har ƙurya, wai don a ji su a Turai. Nisa ba ya ƙaruwa, murya ce ke fashewa, ta fantsama cikin tashar maƙwabta.

Mai wuyar ganewa shi ne in abin da eriya ta watsa ya biyo waya ya dawo cikin makirufo. Cire eriyar, ka jona abin gwaji mai om 50 da ke shanye ƙarfin, ka saurari kanka da wata rediyo a gefe. In murya ta washe, na'urar lafiyarta ƙalau. Nesanta eriya daga ɗaki, ka naɗa wayar makirufo a zoben ferayit.