Tsadar Kaya Ta Dawo Da Tsofaffin Kekuna Kan Titi A Bauchi, Fentin Feshi Ya Samu Kasuwa

BAUCHI: Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, tsofaffin kekunan da aka jingine a zauruka da bayan ɗakuna suka fara fitowa kan titunan Bauchi. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ya zuwa watan Oktoba na 2024 ta kai kusan Naira 1,000. Ga ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa da cikin gari, lissafin bai buƙatar dogon nazari.

Sai dai sabon keke ma bai tsira daga tsadar ba, domin daga waje ake shigo da galibinsu, musamman daga ƙasashen Sin da Indiya. Dalar Amurka da ake canzarwa a kan kimanin Naira 460 a hukumance kafin watan Yuni na 2023 ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024, kuma kowane wili da kowace sarƙa da ke rataye a shagunan kayan keke na kasuwannin Wunti da Muda Lawal sun ɗauki rabonsu na wannan faɗuwa. Idan sabo ya gagara, sai a koma ga gyaran tsoho, kamar dai yadda aka gani bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986. Bambancin kawai shi ne a wancan zamani masana'antar Raleigh da ke Kano ta sa mutane sun saba da keken da aka haɗa a gida, wanda har yau dattawa ke kira Rali cikin girmamawa. Abin lura kuma, kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya, wanda da haɗin gwiwarsa aka kafa masana'antar Steyr a nan Bauchi cikin shekarun 1970, ya yi suna wajen ƙera kekuna a ƙasarsa, amma manyan motoci da taraktoci ne rabon Bauchi.

A tsohon keke, wili ne wurin da shekaru suka fi nunawa. Shi ke shiga ruwa da taɓo da damina, shi ke shan ƙura da rani, saboda haka shi tsatsa ke fara ci. A da, wanda ke son sabunta shi sai ya kai wa mai fentin mota, wanda ke da injin iska da bindigar feshi. Yanzu kuwa gwangwanin fentin feshi mai cin mililita 400, wanda akan samu a shagunan kayan gini, ya sa magidanci ko ɗansa na iya yin aikin a tsakar gida. Wannan gwangwani ba sabon abu ba ne a duniya, domin tun 1949 wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ya ƙirƙiro shi a jihar Illinois, amma matsin rayuwa ne ya kawo shi kusa da keken talaka.

A bisa ƙa'idar tattalin arziki, abin da mai keke ya yi shi ne musanya kuɗin aiki da lokacinsa. Riba ce idan aikin ya yi kyau. Idan bai yi ba, ya yi asarar gwangwani da yini guda, wani lokaci har da wilin kansa. Kuma mafi yawan abin da ke raba aiki mai kyau da marar kyau yana faruwa ne tun kafin a girgiza gwangwanin.

Fenti ba ya kama tsatsa, ba ya kama maiƙo, ba ya kuma kama ƙarfe mai santsi. Dole ne a cire taya da tib, a wanke wilin da sabulu, a goge tsatsar da samfefa har sai farin ƙarfe ya bayyana, sannan a share da tina a bar shi ya bushe. Wilin ƙarfe mai sheƙi irin na tsofaffin Rali da Phoenix ya fi wuyar sha'ani, domin idan ba a karce sheƙin nan ba, fentin zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa cikin 'yan makonni. Bayan haka akan fesa fentin share fage mai hana tsatsa, wato jan nan da maƙeran ƙofa ke amfani da shi, kafin a zo ga launin da ake so. Mutane da yawa kan tsallake wannan mataki don tsimin kuɗin gwangwani na biyu, kuma a nan ne arha ke zama tsada.

Shi kansa feshin, akan tsaya ne kimanin santimita 25 daga wilin, hannu na tafiya ba tsayawa, a yi shafi mara kauri sau biyu ko uku tare da ɗan hutu a tsakani. Mai gaggawar da ya zuba shi a karo ɗaya zai ga fenti na zuba kamar hawaye. Yanayin Bauchi ma na da nasa hukunci: laimar watan Agusta kan hana bushewa ta kuma dusashe sheƙi, ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kan manne a ɗanyen fenti, zafin rana tsaka kuma kan busar da shi tun yana iska kafin ya sauka. Safiya mara iska, a inuwa, ita ce ta fi dacewa.

Akwai wuraren da bai kamata fenti ya taɓa ba, kuma wannan ya wuce batun ado. Gefen wili inda robar birki ke kamawa shi ne na farko. Fenti a wurin kan rage ƙarfin birki, ya laƙe a jikin robar, kuma mahayin ba zai gane ba sai ranar da ya zo shataletalen Wunti mota ta tsaya a gabansa. Sai a rufe wurin da tef kafin feshi. Haka kuma ƙananan notocin da ke ɗaure wayoyin wili, domin su mai gyara ke juyawa idan wili ya karkace, kuma idan fenti ya daskare a kansu aikin miti goma kan zama na awa guda. Cibiyar wili mai ɗauke da boris da ramin bawul su ma a lulluɓe su. Kada a manta kuma cewa iskar da ke tura fentin daga gwangwani mai kama wuta ce, irin ta gas ɗin girki, alhali a yawancin gidajenmu murhu na tsakar gida ne. A yi aikin nesa da wuta da ƙananan yara, a rufe hanci, kada kuma a jefa gwangwanin da ya ƙare cikin sharar da za a ƙona.

Inda lamarin ya fi shafar 'yan kasuwa shi ne cinikin kekunan hannu. Dillalin da ya goge wili ya fesa shi yadda ya kamata ya ƙara wa hajarsa daraja ta gaskiya, domin ya tsayar da tsatsa ya tsawaita rayuwar ƙarfen. Amma wanda ya fesa a kan tsatsa ya sayar da launi ne kawai, kuma mai saye ba shi da hanyar bambancewa da ido a ranar ciniki. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin ƙarshen irin wannan kasuwa. George Akerlof, wanda ya samu lambar Nobel a 2001, ya nuna tun 1970 da misalin tsofaffin motoci cewa idan mai saye ya kasa gane nagari daga rubabbe, sai ya taya duka da farashin tsaka-tsaki, masu kaya nagari kuma su janye. A ganin wannan wakili, dillalan keke na Bauchi za su fi kowa asara idan aka wayi gari sheƙin fenti ya zama abin zargi.

Mai saye na da 'yar dabarar kare kansa. Ya nemi a cire taya ya duba cikin wilin, inda feshi ba ya kaiwa kuma ruwa ke kwanciya. Ya juya ƙafar ya ga ko tana rawa tsakanin robobin birki. Ya kuma matsa wayoyin bibbiyu da hannu, domin wadda tsatsa ta cinye takan saki ko ta tsinke nan take, komai kyan launin da ke kanta.