Shin Ko Kun San? Daga Tafkin Madarunfa Zuwa Duwatsun Indiya

Shin ko kun san cewa mutumin Safo ba ya buƙatar fasfo in yana son zuwa ziyara? Ya hau babur kawai ya nufi Madarunfa, a nan cikin Nijar. A kewayen tafkin garin, mai faɗin kimanin hekta 800, ake da makwantan waliyyai 99 kamar yadda aka gada daga bakin magabata, kuma har daga arewacin Najeriya ana zuwa yin addu'a. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kushewun a jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon birnin Agadas kam UNESCO ta karɓe shi a 2013. Madarunfa kuwa har yau tana kan layi, kuma a ganina mu ma da laifinmu, don ba mu cika tallata abin da ke ƙofar gidanmu ba.

Ko kun san Bahaushe ma ya taɓa kai buƙatunsa gindin dutse? Kafin Musulunci ya kafu a Kano, wani mai suna Barbushe yana zaune a kan dutsen Dala, shi ke shiga wurin bautar Tsumburbura ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Baƙin bunsuru da baƙar kaza ake kawowa. Yanzu Dala sai 'yan yawon buɗe ido da masu son hango birni daga sama.

A Indiya kuwa, mabiya addinin Hindu har gobe hawan dutse ibada ne a wurinsu. Ɗakin bautar Kedarnath yana cikin duwatsun Himalaya, mita 3,583 sama da teku. Mota tana tsayawa a Gaurikund, sauran kilomita 16 a ƙafa ne. Mai hali ya hau doki ko jirgi mai saukar ungulu. Tsohuwar da ƙafa ta gaza kuwa, a kwando ake zaunar da ita, ƙato ya goya ta a baya, igiya rataye a goshinsa, har can sama. Wata shida kacal wurin ke buɗe; da hunturu ya kama, ƙanƙara ta rufe hanya, sai a kulle. Ambaliyar watan Yunin 2013 ta ci dubban rayuka a yankin, amma ginin bai faɗi ba.

Ga wanda zai ba mata mamaki. A Tirumala, jihar Andhra Pradesh, masu ziyara kan taka matakala sama da 3,500, kuma da yawa in sun isa sai su zauna gaban wanzami a yi musu ƙwal-kwabo, maza da mata, don cika alwashi. Gashin ba a zubar da shi. Ana tsefe shi, a ware dogo da gajere, a yi gwanjonsa, 'yan kasuwa su fitar da shi waje a yi gashin kanti. Saboda haka mai sayen "gashin Indiya" na gaske, wataƙila alwashin wata baiwar Allah ta ɗora a ka.

Sai Sabarimala a jihar Kerala: kwana 41 mai niyya zai yi ba nama, ba giya, ba kusantar iyali, sanye da baƙaƙen kaya, galibi ba takalmi, kafin ya hau matakala 18 na ƙarshe. Abin da ba kowa ya sani ba, a hanya, a garin Erumeli, sukan biya ta masallacin da ake dangantawa da wani Musulmi mai suna Vavar.

Akwai kuma dutsen da ba a hawa sam. Kailash, a Tibet, tsayinsa mita 6,638, kewaya shi ake yi, tafiyar kilomita 52. 'Yan Hindu da 'yan Buddha duk suna girmama shi, kuma hukumomin Sin sun hana kowa hawansa.