Riƙon Ƙasa da Shan Kwana: Aikin Difarenshal Mai Taƙaita Zamewa a Motocin Tsere

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin wata na'ura da ke zaune tsakanin tayoyi biyu masu jan mota, wadda ake kira difarenshal. Za a fi mayar da hankali ga nau'in da za a kira a nan mai taƙaita zamewa, wato wanda ke hana taya ɗaya ta yi ta juyawa a banza alhali 'yar'uwarta na tsaye a kan ƙasa mai kyau. A fagen tsere, ƙarfin inji ba ya amfanar direba sai gwargwadon abin da ya isa ƙasa.

2.0 Tushen Matsalar

Duk lokacin da mota ta sha kwana, tayar da ke waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. Idan tazarar da ke tsakaninsu mita 1.5 ce, to a kwana mai digiri 90 ta waje za ta ɗara ta ciki da kusan mita 2.4, ko kwanar mai faɗi ce ko matsattsiya. Da sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su, da tilas ɗaya ta riƙa gurzar ƙasa. Maganin wannan shi ne difarenshal, wanda Bafaranshe Onésiphore Pecqueur ya yi wa rajistar mallaka a ƙarshen shekarun 1820. Ƙananan giyoyi ne da ke ba kowace taya damar juyawa da saurin da ya dace da ita.

Sai dai wannan tsari na asali yana da aibi guda, kuma aibin daga adalcinsa ya taso. Kullum yana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu. Ke nan tayar da ta fi rauni ita ce ke yanke abin da kowa zai samu. Alal misali, idan taya ɗaya ba za ta iya ɗaukar fiye da niutan-mita 200 ba kafin ta zame, ɗayar ma 200 za ta samu, ko da tana iya ɗaukar ninkin haka sau huɗu. Duk wanda ya taɓa ganin motar da ta kafe a taɓo ya ga wannan da idonsa: taya ɗaya na feshin laka, ɗayar ko motsi ba ta yi.

A motar tsere ba a bukatar taɓo kafin hakan ta faru. A tsakiyar kwana nauyin mota yana karkata zuwa waje, tayar ciki ta yi sakayau. Da direba ya taka totur don fita, sai ita ce za ta fara ƙuga tana hayaƙi. Wannan ne ya addabi motar tseren da Ferdinand Porsche ya tsara wa kamfanin Auto Union na Jamus, mai inji mai silinda 16, wadda tayarta ta baya kan zame har a gudun da ya kai kilomita 160 cikin awa. A shekarar 1935 Porsche ya nemi kamfanin ZF ya ƙera masa difarenshal da zai taƙaita wannan zamewa.

3.0 Yadda Ake Taƙaita Zamewar

Dabarar ɗaya ce ko da yake hanyoyinta sun bambanta: a sanya wani abu da zai yi tirjiya idan tayoyin suka nemi su bambanta da juna a sauri. Wannan tirjiya ita ce ke kwashe ƙarfi daga taya mai saurin juyawa ta kai wa mai jinkiri. Idan na'urar na iya ba ɗaya ninki uku na abin da ɗayar ta samu, to a misalin da ya gabata tayar waje za ta sami 600, jimla 800 maimakon 400. An ninka abin da ya isa ƙasa ba tare da an taɓa inji ba.

Nau'in da ya fi yawa a fagen tsere shi ne mai faya-fayen kuloci. Ana jera faya-fayen a cikin gidan difarenshal, wasu haɗe da gidan, wasu haɗe da giyar da ke juya taya. A tsakiya akwai zobba biyu masu tsagi mai gangare, sandar da ke ɗauke da ƙananan giyoyi na zaune a cikin tsagin. Da ƙarfin inji ya ƙaru sai sandar ta hau gangaren, ta buɗa zobban, su kuma su matse faya-fayen. Abin da ya sa makanikan tsere suka fi son wannan nau'i shi ne ana iya yanka gangaren ɓangaren taka totur dabam, na ɓangaren sakinsa dabam. Haka kuma akwai sifirin da ke riƙe da matsi kaɗan ko da ba a ba da wuta ba. Illarsa ita ce faya-fayen suna cinyewa, halin motar kuma ya riƙa sauyawa tare da su.

Akwai kuma mai giyoyi zalla, irin Torsen da Ba'amurke Vernon Gleasman ya ƙirƙiro. Yana aiki cikin laushi, ba ya bukatar yawan gyara, amma ninkawa kawai ya iya. Idan taya ta tashi sama baki ɗaya, kamar yadda kan faru idan aka hau gefen hanya da gudu, sifili sau uku sifili ne. Nau'i na uku, mai ruwan siliki mai kauri, ba ya kamawa sai zamewar ta riga ta fara, zafi kuma yana lalata ruwan, don haka amfaninsa a tsere ya ja baya.

4.0 Tasirinsa ga Sarrafa Mota

A nan ne ake yawan yin kuskure, domin mutane da dama suna ɗaukar cewa ƙara matsi ƙara alheri ne. Ba haka abin yake ba. An ce na'urar tana tura ƙarfi ga taya mai jinkiri. To a farkon kwana da tsakiyarta, kafin wata taya ta zame, mai jinkirin ita ce ta ciki. Tura mata ƙarfi kuwa yana nufin motar za ta nemi miƙewa, direba na murɗa sitiyari goshinta na nufar waje. Sai a lokacin fita, idan tayar ciki ta fara zamewa har ta wuce ta waje a sauri, ƙarfin ke komawa waje, ya taimaka wajen juya motar zuwa inda ake so. Idan kuma direba ya wuce gona da iri, tayoyin biyu za su saki ƙasa tare, bayan motar ya wurga waje. Hasali ma difarenshal na asali ya fi rangwame a nan, domin tayar da bai ba ƙarfi ba tana ci gaba da riƙe motar daga gefe.

Wajen shiga kwana kuwa, matsin ɓangaren sakin totur yana hana bayan mota rawa yayin taka birki, amma idan ya yi yawa motar ta ƙi juyawa. Saboda haka saitin da ya dace da doguwar kwana mai gudu ba lalle ne ya dace da matsattsiya ba, kuma mai saiti da hannu dole ya sadaukar da ɗaya. A motar da tayoyin gaba ne ke ja, na'urar tana jawo goshi cikin kwana, sai dai direba zai ji sitiyari na fizgar hannunsa.

Difarenshal da kwamfuta ke matsawa ta hanyar matsin mai shi ne ya rage wannan sadaukarwa. Direban Fomula 1 yana iya sauya matsin shiga kwana da na tsakiyarta daga kan sitiyarinsa yana cikin gudu. A Gasar Rali ta Duniya kuwa masu dokar sun bi wata hanya dabam domin rage kashe kuɗi: a 2006 aka hana irin wannan na'ura a gaba da bayan manyan motocin gasar, kuma motocin Rally1 da suka shigo a 2022 an ƙera su ne ba tare da difarenshal na tsakiya ba. Injiniyan da zai shirya mota don taɓon Safari a Kenya ko ƙanƙarar Suwidin da faya-faye da gangare da sifirin zai yi lissafinsa tun kafin a tashi.